Shekarar da Littattafaina Suka Koma Siton Tanimu

Duk al'ummar da Allah Ya nufa da ci gaba, akwai ranar da ilimi ke fita daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun jama'a. Masana tarihi suna girmama wannan rana. Sukan ce daga nan ne duhu ya fara yayewa, ƙauye ya kama hanyar zama birni. Na karanta irin wannan bayani da yawa, na kuma koyar da shi a aji da alli a hannuna, amma ban taɓa cin karo da marubucin da ya koma ya tambayi shi mutum ɗayan yadda ya ji ba. A garinmu, nan tsakanin Makarfi da Kudan, ni ne mutum ɗayan. Ilimin kuwa a baro ya fita, baron da aka gama jidar rake da shi da safe.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan babi shi ne abin da ya faru da kuka zo Babbar Sallah. Kai Bashir, ka leƙa ɗakin da ke jikin zaure, ka tarar da kantoci wayam, ka fito kana cewa an yi wa tsoho wayo an raba ku da gadonku. Ke kuma Rabi, a gidan suna kika jiyo wai sai da aka yi ta roƙona kafin na saki, saboda rowa. Dukanku kun ɗauko labarin a karkace. Ba a yi mini wayo ba, ban kuma yi rowa ba. Kishi na yi, kuma har yanzu da nake riƙe da biron nan bai sake ni ba. Ba asiri nake tonawa ba, don Innarku ta riga ta faɗa mini a fuskata.

Kun san ɗakin, amma ba ku san yadda ya cika ba. Tun ina ƙaramin malami, duk sanda na shiga Zariya sai na dawo da littafi a aljihun babbar riga, wani lokaci a maimakon abin da aka aike ni in sayo. Akwai na labaru, na tarihi, na ƙasashe da tekuna, na taurari, na Hausa da na Turanci, ga kuma 'yan na Larabci da na gada daga kakanku. Kowanne na rubuta sunana a shafinsa na farko da jan biro, wanda nake gyara aikin yara da shi. Ban taɓa hana kowa aro ba, Allah ne shaidata. Ƙa'ida dai nake da ita. Mai aro zai yi sallama a zaure, ya wanke hannu, ni in zaɓa masa wanda na ga ya dace da shi. Ranar da ya dawo da shi kuma ya zauna a tabarma in yi masa tambayoyi: me ya faru, me ya jawo shi, me ka fahimta. Wanda ya amsa ya sami na gaba. Wanda ya yi in-ina ya koma da shi ya sake karantawa. Ni a ganina gata ne, don ba kowa ke samun hedimasta kyauta ba. Masu zuwa ba su da yawa, akwai wani tela mai son tarihi da wani mai kantin magani da 'yan malamai, amma gari ya san in ana neman littafi ƙofata ake zuwa. Wani yana da gonar rake, wani yana da mota. Ni wannan nake da shi.

Baba Tanimu kun san shi da dariya da goro. Ni na san shi tun muna benci ɗaya a firamare yana leƙen takardata. Ya zama malamin gona, ya yi shekaru yana rabon taki da iri a tsohon siton nan na bayan kasuwa, har siton ya ci sunansa. Ba ya karatu, kuma ba ya ɓoyewa. Da bakinsa yake cewa in ya buɗe littafi, barci ya riga shi zuwa shafi na biyu. Amma yana da abin da ban taɓa samu ba. In ya zauna a gindin bishiya, kafin ya gyara zama mutane sun kewaye shi. Ni in na zauna, sai a gaishe ni da ladabi daga nesa, a rage murya, a wuce.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama kaka, wasu matasan malamai da Malama Hadiza ta ƙaramin asibitinmu suka yi shawarar buɗe wa gari ɗakin karatu. Babu mai biyansu, babu wanda ya sa su. Suna bukatar dattijon da zai shige musu gaba wajen dagaci. Yawancinsu ni na koya musu riƙe fensir. Suka wuce ta ƙofar gidana, ƙofar da littattafai ke bayanta, suka tafi wajen Tanimu. A bakin masallaci na ji, bayan la'asar, daga bakin tela, wanda ya ɗauka da ni aka tsara komai. Na ce masa e, na ji ƙishin-ƙishin. Daga baya na tare ɗaya daga cikin malaman na tambaye shi dalili. Ya durƙusa, ya ce wallahi sun so zuwa, amma kowa ya ce wani ya fara magana, don suna tsoron su yi kuskure in gyara musu. Na buɗe baki zan gyara masa wata kalma a cikin bayanin nasa, sai na mayar da bakin na rufe.

Dagaci ya ba su siton, suka kira gayya kamar ta noma. Magina suka toshe ramukan ɓera, kafinta ya haɗa kantoci da ragowar katako, mata suka aiko da kunu a manyan robobi, aka yi ta wanke daɓe, ko da yake warin taki bai fita ba har yau. Na kalli aikin daga rumfar masu tumatir, ina taya kwandon da ba ni da niyyar saya. Tanimu na tsaye a tsakiya da tawul a kafaɗa, bai ɗaga ko tsintsiya ba, ba'a kawai yake yi wa mutane, aiki kuwa sai gudu yake. Da aka zo jera littattafai na leƙa ta taga. Tsofaffin littattafan makaranta ne marasa bango, da takardun koyar da kiwon kaji, da mujallun da suka girmi masu karanta su, da kwali guda na littattafan labaru da wani ya aiko daga Kaduna. Duka abin da ke wurin bai kai kanta ɗaya ta ɗakina ba. Na koma gida hankalina kwance. Kafin wata ya zagayo, wurin ba masaka tsinke. Tela ya daina zuwa zaurena. Mai kantin magani ma ya koma gaishe ni daga kan babur.

Wani hantsi Tanimu ya yi mini sallama. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, muka tambayi iyali da gajiya da gona, na tambayi gwiwarsa, ya tambayi idona. Sannan ya karkata ya dubi ƙofar ɗakin.

"Hedimasta, fursunonin nan naka, yaushe za ka yi musu afuwa?"

"Ba a ɗaure suke ba. Duk mai son ganinsu ya san hanya."

"Ya san hanya. Ya kuma san alƙali na zaune a bakin ƙofa."

Na ce zan ba da wasu, amma da sharaɗi. A ajiye mini kujera a siton, duk wanda ya dawo da littafi ya biyo ta gabana mu tattauna. Ya yi dariya har ya goge ido da hannun riga.

"A can mutum ya ɗauka, ya karanta ko ya yi matashi da shi, ya dawo da shi a ce masa sannu da ƙoƙari. Ni da ban san abin da ke ciki ba, me zan tambaya?"

"Wato taƙama kake yi da rashin sani."

"A'a, moriyarsa dai nake ci."

Na ce to su zauna inda suke. Bai ji haushi ba, wanda hakan ya fi komai ba ni haushi. Ya ajiye mini goro a kan tabarma ya tafi.

Da a nan maganar ta tsaya, da yau kantocin na cike, Bashir. Amma Malama Hadiza ta ware ranar Alhamis ta zama ta mata zalla. Ranar ita ke riƙe da makulli, namiji ko Tanimu ba ya kusantar wurin. Wata Laraba, bayan Innarku ta ajiye mini tuwo, sai ta ce tana neman izini gobe za ta je sito. Na tsaya da loma a hannu. Ta koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci tun Rabi na goye, amma tun daga lokacin ban ga ta karanta komai ba sai kwalin magani da sunayen da ke cikin waya. Na ɗauka iyakar bukatarta ke nan. In na hana, kafin azahar gari ya ji cewa hedimasta ya hana matarsa karatu. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ta dawo da littafi a cikin mayafi, ba bango, shafukan ƙarshe kuma sun yage. Labarin wani masunci ne da ruwa ya tafi da shi, iyalinsa suka zauna jira. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, leɓunanta na motsi. Ina zaure ina jin ta. Wani lokaci ta ja tsaki, wani lokaci ta yi salati, can kuma sai ta yi wata 'yar dariya ita kaɗai, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba duk tsawon zamanmu. Miya ta kusa ƙonewa ranar. Bango ɗaya ne tsakaninta da kantoci cike da abin da na kwashe ƙuruciyata ina tarawa, amma ta ratsa gari ta ɗauko yagaggen littafi daga siton taki, kuma shi ke sa ta dariya a tsakar gidana. Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne ina da littafin nan. Cikakke, da bangonsa, ko kunnen shafi bai lanƙwashe ba.

Na shiga na ɗauko shi na ajiye mata a bakin gado. Washegari na tarar da shi a zaure, a kan buzuna, an goge shi an naɗe shi da farin ƙyalle. Na shiga ciki na same ta tana tankaɗe.

"Kayanka ne, Malam. Na ga kar hayaƙi ya ɓata maka."

"Don ki karanta na kawo miki. Shekara da shekaru suna nan, ba ki taɓa tambaya ba."

"A ina zan tambaya? Ɗakin a zaure yake. Tun da aka kawo ni gidan nan, zaure wurin wucewa ne a wajena, in ja mayafi in sunkuyar da kai. In tsaya ina zaɓen littafi baƙinka na zaune?"

Ni na sa aka gina ɗakin a nan, don mai aro ya sami abin da yake so ba tare da ya shiga cikin gida ba. Na yi lissafin maza da ke waje. Na cikin gida ba su shiga lissafin ba, kuma duk gidan da ke garin nan haka zaurensa yake. Na ce mata ai da ta faɗa, da na kawo mata har ɗaki.

"Da ka kawo. Ka kuma zauna kana jira in gama, ka tambaye ni me na fahimta. Ina jin ka ta bango kana yi wa tela. Mutum da gemunsa yana in-ina. Ni in na yi tuntuɓe a sito, Hadiza ce kawai za ta ji, ni da ita dariya za mu yi."

Na ce na yi alkawari ba zan tambaye ta komai ba. Ta ɗago ta dube ni, rariya a hannu.

"Bakinka ba zai tambaya ba."

Daga nan ta ci gaba da tankaɗe tana ba ni labari, kamar wanda bai san littafin ba. Wai matan Alhamis duk layi suke bi a kan wannan yagaggen, kuma tun da ba ƙarshe, kowace ta yi masa nata. Matar liman ta ce masuncin ya nitse, Allah Ya ji ƙansa. Wata ta ce ya yi aure a wani gari ya manta da su, don haka maza suke. Ita Innarku ta tsaya a kan cewa zai dawo. Ta gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa mata. Ta ce in ina son lada in kai cikakken sito, kowa ya samu, ita ma ta ara in layi ya zo kanta. Na ce wato littafina, a gidana, sai ya bi ta hannun Tanimu kafin ya iso hannun matata. Ta kakkaɓe rariya.

"Kishi ne ke damunka, Malam, ba littafi ba. Shi kuwa bawan Allah bai ma san kana yi ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar, kuma ga lissafin da na yi, ku riƙe shi yadda yake. Ko na so ko na ƙi, duk Alhamis za ta je. Za ta dawo da takarda daga kantar Tanimu, ta zauna a tsakar gidana tana dariya da kalmomin da ba ni na zaɓa ba. In na riƙe nawa, za ta ƙare da takardun kiwon kaji, ta kuma sa wa Tanimu albarka. In na kai guda ɗaya, na mako mai zuwa ba nawa ba ne. Hanya ɗaya ta rage: in cika kantocin siton nan maƙil, ta yadda duk inda ta miƙa hannu nawa za ta ɗauko. Wannan ne dalilin, babu wani. Daga baya liman ya yaba mini a gaban jama'a, ya kira abin sadaka mai gudana. Ban musa masa ba, don ba a katse liman. Amma ku 'ya'yana ne. Na Larabcin kakanku kuwa ban taɓa su ba, suna nan a gafakarsu. Wannan shi ne gado, Bashir, ka kwantar da hankalinka.

Ranar kwasa, matasan malaman suka zo suka tuɓe takalma a ƙofar zaure kamar masu shiga masallaci. Baron da suka aro yana danƙo da ruwan rake, sai da na sa aka shimfiɗa tabarma a ciki. Suna turawa ina biye da su a baya, ina cewa a bi a hankali wajen kwata. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Tanimu ya tare mu a bakin sito da tawul ɗinsa.

"Hedimasta, yau ka aurar."

"Na aurar. Amma ban yaba da gidan mijin ba."

Ya ce a hankali za su saba da warin.

Abin da na biya ba ƙarami ba ne, kuma ba na so ku ɗauka na yi ta murna. Zaurena ya mutu. Babu mai sallama yanzu sai mai neman a karanta masa takardar asibiti. Littattafan da ko ƙuda ban bari ya sauka a kansu ba suna dawowa da tambarin manja da kunnuwa a lanƙwashe. Wani littafin ya bi wata amarya zuwa Gubuchi bai dawo ba, kuma babu mai ƙarfin halin zuwa gidan surukai ya ce a ba shi. Matasan sun rubuta allo mai dogon suna sun kafa a bakin ƙofa, wanda ya ce ɗakin karatun al'umma ne, amma ban taɓa jin wanda ya faɗi sunan ba. Siton Tanimu ake cewa. Daga Dandamisa ma ana zuwa a kan keke, wasu su tsaya a ƙofata su yi sallama, zuciyata ta ɗaga, sai su ce don Allah Baba ina ne Siton Tanimu. Ni ke nuna musu hanya. Nakan je wani lokaci in zauna a kujerar da suka ajiye mini, wadda ba tambaya a cikinta. Rannan tela ya dawo da wani littafin tarihi, ina gani a fuskarsa cewa ya haɗa dauloli biyu ya mai da su ɗaya. Tanimu ya ce masa sannu da ƙoƙari. Na gatsa goro har sai da haƙorina ya amsa.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye ba, don malami ba ya ɓoye sakamako. A damina guda an karanta littattafan nan fiye da yadda aka karanta su duk shekarun da suka yi a hannuna. Na ga magidancin da ya dawo daga gona da laka a ƙafa yana gardama a kan taurari. Na ga matan da ban san sun iya haɗa baƙi ba suna musayar littafi ta kan katanga. Mutane suna zaton wannan zai sanyaya mini rai. Shi ne ma yake hura wutar, don nawa ne ake karantawa, wani ake gode wa, kuma wanda ake gode wa har gobe bai wuce shafi na biyu ba.

Layi ya zo kan Innarku bayan an fara ruwa. Ta kawo littafin masuncin, nawa, cikakke, ko da yake ya riga ya sha hannu. Ta zauna a inda ta saba. Ina zaure na kasa kunne, har na ji ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta ja mayafi ta nufi wajen matar liman ba tare da ta kashe wutar murhu ba. Na cika alkawari, ban tambaye ta komai ba, ko da ido, don na juya wa ƙofa baya. Tun daga nan ba ta fashin Alhamis, kuma lissafina ya fita daidai: duk abin da ta ɗauko nawa ne.

Ke Rabi kina wurin ranar yawon Sallah, da kika gan ta da wani mai koren bango, wanda na sayo a Zariya a shekarar da aka haife ki, a maimakon atamfar da aka aike ni. Kika ce Inna ina kika samo wannan. Ina tsaye a bakin ƙofa da buta a hannu, na dakata don in ji. Ta ce na Siton Tanimu ne, kuma in kina so ki yi sauri, layi ake bi.

Sunana na nan a shafin farko da jan biro, ya fito raɗau. Innarku daga inda labari ya fara take buɗewa.